MetaTrader 5 a Tsohuwar Laftof: Yadda Na Gano Abin da Ke Ƙamar Mini da Kyandir

Juma'ar farko ce ta wata, cikin bazara, zafin Kano ya kai inda fanka ma iska mai ɗumi take hurawa. Na dawo daga masallaci da sauri don in riski ƙarfe 1:30, lokacin da Amurka ke fitar da rahoton ayyukan yi na wata-wata, wanda 'yan kasuwar canji ke kira NFP. Ina da ciniki a buɗe a kan zinare, na sayar ina jiran farashi ya sauko. Rahoton na fita sai kyandir ɗin minti ɗaya, wato sandar da ke nuna motsin farashi a allon kwamfutata, ya yi tsalle sama, ya tsaya cak. Lambar farashin da ke gefen dama ta daina motsi. Da fari na ɗauka kasuwar ce ta ja numfashi. Sai na dubi wayata da ke ajiye a gefe, ita ma manhajar cinikin nan, MetaTrader, ce a buɗe, asusu ɗaya, intanet ɗaya, na ga farashi ya yi gaba yana ta gudu. Da wayar na rufe cinikin, hannuna na rawa. Kafin allon kwamfuta ya farfaɗo ya cim ma na wayar, na riga na yi asarar da ta ninka abin da na shirya ɗauka.

Mako uku na yi ina ɗora laifin a kan netwok. Na canza layi, na sayi ƙaramar na'urar intanet sabuwa, har tabarma na shimfiɗa a bakin taga don sabis ya fi kamawa. Babu abin da ya sauya. An bar jaki ana dukan taiki, alhali amsar tana gabana tun ranar farko: wayar da kwamfutar daga tushe ɗaya suke shan intanet, kuma wayar ba ta ƙame ba.

Shekara huɗu ke nan ina amfani da MetaTrader 5 a kwamfuta, kuma sai da wannan matsala ta same ni na san ta da kyau. Kamfanin MetaQuotes ne ya yi ta, ya fitar da ita a 2010, shekara biyar bayan yayarta MetaTrader 4 da ta fito a 2005. Kyauta ake sauke ta, dillalai, wato kamfanonin da muke ciniki ta hannunsu, su ne ke biyan kamfanin kuɗin lasisi. Tana zuwa da indiketoci (ƙananan manhajojin da ke lissafa farashi su zana alamu a taswira) 38 na cikin gida da tazarar lokaci iri 21, daga minti ɗaya zuwa wata guda. Ana yawan yabon ta a kan waɗannan. Ni kuwa abin da ya sa nake wannan rubutu wani abu ne da ban taɓa jin an ambata ba a duk azuzuwan koyon ciniki da na halarta: manhajar tana da hanyar da take nuna maka, ƙarara, wane ne ke cinye mata ƙarfi.

Ƙanena ne ya buɗe mini ido. Shi rubuta manhaja ya karanta, ciniki bai dame shi ba, hasali ma ba ya so ina yi. Wata Laraba da yamma ya zo gaishe da Hajiya, ya tarar da ni ina fama. Ya tsaya a bayana ya yi shiru yana kallon allon na ɗan lokaci, sannan ya sa yatsa a kan taswirar yuro da dala.

"Yaya, kalli nan. Wannan tana tafiya. Ta zinaren ce kaɗai ta tsaya."

Na duba, haka ne. Kyandir ɗin EURUSD, wato yuro da dala, yana ta lilo sama da ƙasa, na XAUUSD, wato zinare, kuma ya sandare a taswira huɗu duka, ta minti ɗaya da ta biyar da ta sha biyar da ta awa.

"In da netwok ne, duka za su tsaya tare," in ji shi. "In da kwamfutar ce ta gaji, linzamin ma ba zai motsa ba. Akwai abin da ka ɗora wa zinare wanda ba ka ɗora wa sauran ba."

Ya shiga Tools, ya buɗe wani abu mai suna Task Manager. Ban san akwai shi ba. Na san na Windows, wanda ake kira da Ctrl da Shift da Esc, amma shi wannan na cikin MetaTrader ne, kuma ya fi amfani a nan nesa ba kusa ba. Na Windows iyakarsa ya ce maka manhajar na cin ƙarfin furosesa. Na cikin gida kuwa yana rarraba aikin layi-layi: ga na zanen allo, ga na robobin ciniki, wato manhajojin da ke saye da sayarwa da kansu, ga layin kowane kuɗi ko haja daban. Layin EURUSD yana ƙasa, da kyar yake motsi. Layin XAUUSD ya cika ya batse. Daga nan ya sauka akwatin ƙasa, wanda Ctrl da T ke buɗewa, inda shafukan Experts da Journal suke. Ni a da ko kallonsu ba na yi, na ɗauke su rubutun injiniyoyi. A ciki muka tarar da saƙo ɗaya an maimaita shi ya fi sau talatin, da Turanci, ɗauke da sunan indiketar da ake nufi: wai ta cika nauyi, ta ɗauki milisakan dubu biyu da ɗoriya, a taimaka a sake rubuta ta. Wato manhajar ta daɗe tana faɗa mini, ni ne ban san inda take magana ba.

Indiketar ta kuɗi ce. Na saye ta a hannun wani mai koyarwa a wani rukunin 'yan ciniki, ba zan kama sunansa ba. Tana zana akwatuna masu launi a wuraren da aka ce manyan bankuna na shiga kasuwa, tana sa kibiyoyi, tana da kyan gani ƙwarai. Na ɗora ta a taswirorin zinare huɗun nan domin da zinare na fi aiki.

Bayanin da ƙanena ya yi mini a nan shi ne ya fi komai tsaya mini a rai, don haka zan ɗan tsawaita. Duk lokacin da farashi ya motsa, ko da ɗan ƙanƙani ne, MetaTrader tana tashin kowace indiketa ta ce mata ta yi lissafi. Tana miƙa mata lambobi biyu: adadin kyandirorin da ke akwai, da adadin waɗanda ta riga ta lissafa a baya. Indiketar da aka rubuta da kyau sai ta dubi lamba ta biyu, ta gyara kyandir na ƙarshe kawai, ta koma ta zauna. Wadda aka rubuta da ganganci ba ruwanta da lamba ta biyu, kullum daga kyandir na farko take farawa. Ya kwatanta mini da mai shago da duk sanda aka sayi sabulu ɗaya sai ya rufe ƙofa ya ƙirga kayan shagon gaba ɗaya, masu saye na tsaye a waje. Da tsakar dare, kasuwa na barci, ba za ka lura ba, domin farashi jefi-jefi yake motsawa. Amma da ƙarfe 8 na safe in Landan ta buɗe, ko lokacin da rahoto ya fito, motsin kan zo da yawa a cikin sakan ɗaya, ita kuma tana buƙatar sakan biyu kafin ta gama lissafi ɗaya.

Ba mu iya buɗe cikinta mun karanta ba, domin fayil mai ƙarewa da ex5 aka ba ni, wanda aka riga aka ƙulle. Mai ƙarewa da mq5 ne ake iya karantawa. Sai dai gwaji ya tabbatar. Da muka rage yawan kyandirori, nauyin ya ragu daidai gwargwado. Da muka cire ta gaba ɗaya, layin XAUUSD ya faɗo ƙasa ya zauna kusa da na yuro, kyandir ya ci gaba da rawarsa.

Dalilin da ya sa zinare kaɗai ya tsaya kuma yana cikin tsarin ginin manhajar. A MetaTrader 5, duk indiketocin da ke kan haja ɗaya layin aiki ɗaya suke bi, ko da a taswira daban-daban suke, kuma a wannan layin ne ake karɓar sabon farashin hajar. Ɗaya ta tsaya, na bayanta sun tsaya, har da farashin. Amma sauran hajoji kowacce da layinta. A MetaTrader 4, wadda na fara da ita, indiketoci suna bin layin da ke zana fuskar manhajar ne, don haka indiketa ɗaya mai nauyi tana iya riƙe komai, har maɓallin rufe ciniki. Ita kuma 32-bit ce, akwai iyakar ma'adanar da za ta iya ci komai girman RAM ɗinka, sabanin ta 5 da take 64-bit. Wannan bambanci kaɗai ya ishe ni hujjar zama a ta 5, musamman ga mai kwamfuta mara ƙarfi.

Bayan cire ɓarauniyar, sai muka bi sauran kayan da na jibga. Na farko shi ne yawan kyandirori. A Tools, Options, shafin Charts, akwai wurin da aka rubuta Max bars in chart, kuma nawa yana kan 100000 tun ranar da na sauke manhajar. Yini guda yana da minti 1440, don haka kyandir dubu ɗari na minti ɗaya ya kai tarihin wajen wata uku na ciniki, a taswirar da ba na duba abin da ya wuce jiya a cikinta. Na mayar da shi 10000. A taswirar minti ɗaya wannan ya haura mako guda, a ta awa kuwa ya fi shekara ɗaya da rabi, ya ishe ni har ya yi saura. Sai an rufe manhajar an sake buɗewa canjin ke kamawa. Na faɗi haka ne don wani abokina ya canza bai rufe ba, ya kira ni yana cewa bai ga komai ba. Tarihin da ke ajiye a faifai ba ya gogewa, in kana son nazarin shekarun baya sai ka ɗaga lambar, ka gama ka sauke.

Sai zane-zane. Na danna Ctrl da B na ga layuka goma sha wani abu da na ja da hannuna, na ce ai ba yawa. Ƙanena ya danna List all. Jerin ya zubo, ya fi dubu uku: akwatuna da kibiyoyin da indiketar ta zana ta tafi ta bari, da ragowar wasu da na gwada tun bara. Kowane ɗaya sai manhajar ta kula da shi duk sanda na ja taswira hagu ko dama, shi ya sa jan yake yi kamar ana jan buhu a yashi. Muka share su, na ajiye tsari mai tsabta da sunan default don duk sabuwar taswira ta buɗe da shi.

Market Watch, jerin hajoji da farashinsu, ma haka. Dillalina yana da hajoji da yawa, ni kuma na taɓa danna Show All don in ga abin da yake da shi, ban koma na rufe ba. Kowace haja da ke jerin ana turo farashinta ba dare ba rana, ana cin data, ana cin furosesa. Dannawa ɗaya ta dama, Hide All, aka bar mini waɗanda nake da taswirarsu a buɗe. Na kashe labarai a shafin Server tunda a waya nake karanta su.

Wannan duka bai ci ko sisi ba, kuma ya magance mafi yawan ciwon. Saura abin da ba na manhaja ba.

Laftof ɗina 'yar gwanjo ce, irin wadda ake ce wa 'yar Landan, Core i5 tsohon yayi, RAM gigabayit 4, da faifai mai juyawa. Ko bayan gyare-gyaren nan, in rana ta take wajen azahar sai in ji fankarta na kuka, ƙasanta ya yi zafin da ba ka iya ɗora ta a cinya, komai kuma ya fara jan ƙafa, har buɗe fayil. Na kai ta wajen wani mai gyara a titin Beirut da niyyar in ji nawa zai saye ta in cika in ɗauki wata. Dattijo ne mai tabarau, bai ce komai ba sai da ya kwance sukurorin ya ɗaga murfin. Tsakanin fanka da ƙarfen fitar da zafi akwai wani curin ƙura da ya dunƙule kamar audugar katifa, ƙurar hunturu ta shekara da shekaru. Ya sa ɗan tsinke ya zaro ta ɗungurungum, ya ɗora mini a tafin hannu. Sannan ya ɗaga ƙarfen, ya nuna mini man da ake shafa wa furosesa don ya miƙa zafi: ya bushe ya farfashe kamar ƙanzo.

"Malam, wannan numfashi take nema," ya ce. "In ta ji zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Kada ka sayar. Ka ƙara mata RAM, ka sa mata SSD, za ka ba ni labari."

Ya goge, ya shafa sabon mai, ya ƙara RAM ta koma 8, ya sauya faifan. Faifai mai juyawa wajen megabayit 100 yake karantawa a sakan, SSD na gama-gari kuma wajen 500, kuma ya fi shi saurin tsinto ƙananan fayiloli nesa. MetaTrader 5 tarihin minti ɗaya take ajiyewa, daga shi take gina sauran tazarori, don haka duk sanda ka buɗe ta ko ka koma wata tazara da ba ka buɗe ba, faifai ne ke aiki. Nan na fi ganin bambancin: a da in na kunna ta sai in je in haɗa shayi, yanzu kafin in gyara zama ta buɗe. Da zan tafi ya ƙara mini ɗaya, cewa in an ɗauke wuta Windows kan rage wa furosesa ƙarfi don batir ya daɗe, in shiga saitin wuta in zaɓi Best performance a lokacin ciniki. Batir na saurin ƙarewa, amma allo ba ya nauyi. Allah ya saka wa wannan bawan Allah da alheri, da ya so da ya sayar mini da wata.

Netwok fa? Yana da nasa rabon, amma alamarsa daban. A kusurwar ƙasa ta dama akwai inda manhajar ke nuna haɗinka da sabar dillali. In ka danna za ka ga mashigai da yawan milisakan da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, kana iya zaɓar mafi kusa. Nawa yakan zauna tsakanin 140 da 190. In ya haura sosai ko haɗin ya yanke, duk hajoji ne ke tsayawa tare, amma taswira na jawuwa sumul a hannu. Haka nake rarrabewa yanzu cikin sakan biyar: duka sun tsaya, netwok ne, ɗaya ta tsaya, indiketa ce, har linzami ya yi nauyi, kwamfuta ce. Wasu sun ba ni shawarar in kama hayar VPS, wato kwamfutar da ke can nesa a kunne ba dare ba rana. Yana da amfani ga mai robot da ke son ta yi aiki ko kwamfutarsa a kashe, amma ga mai kallon taswira da ido yana dannawa da hannu, ban ga ta inda zai rage nauyin allo ba.

Hukuncina a kan MetaTrader 5 shi ne ta cancanci a riƙe ta, kuma ta fi dacewa da irin kwamfutocin da yawancinmu ke iya saya fiye da yadda ake zato. Yanzu taswira shida nake buɗewa, da indiketocin matsakaicin farashi biyu da ta RSI mai auna ƙarfin motsin farashi, dukansu na cikin gida, fankar ma ba ta tashi. Nakan yi dogon nazari a TradingView, wani shafin taswirorin farashi, don zanenta ya fi daɗin hannu, sai dai ita a burauza take, in ka tara shafuka da yawa RAM ɗin da ka ƙara ya tafi, don haka nakan rufe ta kafin in shiga ciniki. Abin da nake fata ga MetaTrader guda biyu ne. Da ma saƙon nan na indiketa mai nauyi a kan taswirar yake fitowa, inda idon mutum yake, domin na tabbata akwai irina da yawa da ba sa leƙa akwatin ƙasa. Da ma kuma mutane sun san cewa akwai Hausa a cikin harsunanta. Samarin da ke koyon wannan abu a Kano da Kaduna da Zariya ba kaɗan ba ne, kuma da yawansu haddace wurin dannawa suke yi ba tare da sanin ma'anar rubutun ba.

Akwai abin da ba zan ɓoye ba, domin ina tsoron wani ya karanta wannan ya ɗauka saurin allo shi ne riba. Asarar da na yi ranar nan, rabinta daga rashin sa iyakar asara ne. Wannan iyaka, Stop Loss, a sabar dillali yake zama, yana aiki ko allonka ya ƙame, ko an ɗauke wuta, duk da cewa a lokacin rahoto farashi na iya tsallake shi ya rufe ka a gaba kaɗan. Ni na dogara da hannuna. Kuma hukumar kula da kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai, ESMA, ta bayyana a 2018 cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na asusun ƙananan 'yan ciniki irin wannan asara suke yi. Akasarinsu kwamfutocinsu lafiya lau suke. Batun halaccin cinikin da kuɗin kwana da dillalai ke caja kuwa, malamai sun yi magana a kai da yawa, ka zauna da malaminka kafin ka sa kuɗinka; ni asusun da ba a cajin kuɗin kwana nake amfani da shi, kuma har yanzu ina tambaya.

Da Juma'ar farko ta wata mai bi ta zo, ban shiga ciniki ba. Na buɗe taswirorin zinare huɗun nan, na buɗe Task Manager a gefe, na jingina wayar a jikin allo. Ƙarfe 1:30 na cika kyandir ya zabura. Idona na kan lambobin biyu, ta waya da ta kwamfuta, suna canzawa tare, ba wadda ta riga wata. Layin XAUUSD ya ɗan ɗaga, ya koma. Na kira ƙanena na ce masa ya yi aiki, ya ce, "To Yaya, sai ka goge waccan indiketar daga faifan gaba ɗaya, kada wata rana ka manta ka sake ɗorawa." Na shiga File, Open Data Folder, na nemo ta na goge.